Kau da Barar Mai Gidana

Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba. Ɗiyar ƙanwata ce take rubuta abin da nake faɗi, na kuma ce mata kada ta sa sunan kowa. Sunan mai gidana ban taɓa kira ba yana da rai, ba kuwa yanzu zan fara ba da yake ƙarƙashin ƙasa.

Abin da nake so a rubuta ƙarami ne. Wata dabara ce ta cikin wasan waya, inda dabba take watsa wa ƴar'uwarta ƙasa a ido don bugunta ya kuskure. Mutane za su ce tsohuwa ta rasa abin yi wa kuka. To, su ce. Na gaji da zaɓen abin da ya dace a yi wa kuka.

Garinmu yana kan fako, tsakanin Tabotaki da Buza. Wata shekara da kaka, mai gidana yana miƙa damman hatsi a bakin rumbu, sai dami ya kuɓuce masa, shi ma ya bi shi ƙasa. Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita, daga can aka tura mu Madawa. Suka ce tansiyo ce, wato hawan jini. Muka dawo da shi gefen hagu ya mutu, hannu da ƙafa. Magana ta dawo masa a hankali, tana fita ta gefen baki. Mutumin da bai san zama ba, wanda ko ranar kasuwa sai ya leƙa gona, shi ne kwance kan tabarma ƙarƙashin rumfar kara yana kallon kaji. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi fura da ludayi rabinta na zuba a riga. Ya yi ta faɗa. Ya yi faɗa da ni, da kajin, da ƙudaje. Daga baya ya daina faɗan ya yi shiru, kuma shirun ya fi faɗan nauyi.

Autanmu yana biɗa, wato neman kuɗi, a Aljeriya lokacin. Da labari ya kai masa ya zo. Mutum ne babba mai mata da ƴaƴa, amma bai san abin da zai ce wa uban ba. Sai ya zauna a gefen tabarma ya ciro waya yana latsawa, wayar tana wani ƙaramin kuka kamar na ƴan tsaki.

Ranar farko tsoho ya juya masa baya. Wata rana ya ce, “Kai, mi ne ne wanga abu da ke ta kuka? Ka ba shi tsaba ya yi shiru.”

Auta ya matso ya nuna masa. Wasa ne na kiwon dabbobi, amma ba dabbobin Allah ba, wasu halittu ne da aka zana. Mutum yana yawo cikin ciyawa ya kama su, ya rene su, ya haɗa su faɗa da na wasu. Faɗan kuwa bi da bi ne kamar dara: ka yi naka, ya yi nasa. Ba a gaggawa. Ko ka je ka yi alwala ka dawo, abokin faɗanka yana tsaye yana jiranka. Kowace dabba tana da dabara huɗu, suna fitowa a ƙasan gilashi cikin gurbi huɗu, sai ka taɓa wadda kake so da yatsa.

Ina tsugune ina tankaɗe, ina jin su. Sai wayar ta yi wata ƙara, shaaa, kamar an sheƙa hatsi daga ƙwarya. Auta ya yi tsaki. Dabbar abokin faɗa ce ta tono ƙasa ta watsa wa tasa a fuska. Ya kai bugu, bugun ya bi iska. Ya sake, ya sake kuskurewa.

Sai na ji dariya. Tun ranar rumbu ban ji ta ba. Ta fito a karkace, da yawu, amma tasa ce.

“Kau da bara!” in ji shi. “Wallahi kau da bara ce. Ke, taho ki gani. Su ma sun san ta!”

Dole in faɗi abin da kau da bara take a gidan nan. Uban mai gidana azne ne, mahalbi, bai yi salla ba sai dab da mutuwarsa. Yana da layu da ƙahonni cikin wata tsohuwar burgame, jakar fata, a cikinsu akwai wadda aka ce tana kau da barar mai halbi: ya auna ka daidai, kibiya ta bi gefe. Abin da na gani da idona shi ne ƙasa. In wani na gidan zai yi tafiya, surukina yakan duƙa ya tsinci ƙasa da yatsu uku a bakin ƙofa, ya watsa ta bayan mai tafiya, don duk abin da ya nufe shi a hanya idonsa ya cika. Ba ya cewa ta hana mugun abu zuwa. Cewa yake ta rage masa saiti. Mai gidana ma ya yi haka farkon aurenmu, ni ma na koya. Daga baya ya kama salla da gaske, ya zauna gaban malamai, ya haƙa rami bayan gari ya binne burgamen. Ya ce kada ya ƙara ganin na duƙa a bakin ƙofa. Ƴaƴanmu duka sun tafi biɗa da addu'a kaɗai, ba ƙasa. Ban yi musu ba, gaskiyarsa ce.

To ga shi yanzu, da furfura da rabin jiki, ya tarar da abin ubansa cikin waya.

Ya sa auta ya nemo masa dabbar da ta iya watsa ƙasa. Aka samo wata ƴar ƙarama mai launin jigawa, kamar kurege kamar ba kurege ba. Ya ce kurege ce, magana ta ƙare. Auta ya nuna masa gurbin ƙasa, shi ne na ƙasa ta hannun hagu. Rubutun faransanci ne, tsoho bai san ko ɗaya ba, amma wanda ya yi shekaru yana dara ba a koya masa riƙe gurbi. Ana jingina masa wayar jikin ƙwarya, ya yi ta taɓawa da yatsan hannunsa mai rai.

Kafin auta ya koma, wani abu ya faru wanda daga baya ya zame mini damuwa. Kuregen ta ci faɗa ta ƙara girma, sai wayar ta tsaya da tambaya. Auta ya karanta ya ce, “Baba, tana son koyon sabuwar dabara, mai ƙarhi ce. Amma huɗu kawai kanta ke ɗauka. Sai ta mance da guda.”

“Ta mance? In ta mance ta tahi ke nan?”

“Ta tahi.”

“Wace za ta mance?”

“Wadda ka zaɓa. Ni dai da ƙasar nan za ka bari, ba ta rage wa kowa jini.”

Tsoho ya dube shi kamar ya zagi kakansa. Ya ce, “Nuna mini inda ake cewa a'a.”

Auta ya nuna masa. Ya bar masa wayar, don yana da wata, ya koma Aljeriya.

Tun daga nan duk lokacin da tambayar ta fito, tsoho a'a yake dannawa. Ba ya iya karanta wace dabara za a ɗauke, yana tsoron kada yatsa ya kuskure ƙasar ta tafi. Haka kuregen ta yi ta girma ta zama ƙatuwa, amma dabarunta na ƙuruciya ne: yaƙushi, ɗan cizo, wani kuka, da ƙasa.

Aikina ya ƙaru. Bayan daka da ɗebo ruwa da wankin tabarma, sai kai waya wurin mai sarji a bakin masallaci ya cika mata batir, wanda yake da fano mai ɗaukar wutar rana a kan rufin shagonsa. In na daɗe, in dawo in tarar da ido a ƙofa. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na so in jefa wayar a rijiya. Ƙafafuna suna ciwo, bayana yana ciwo, mutum kuma yana tambayata ko batir ya cika kafin ya tambayi ko na ci abinci. Amma ya daina shirun nan. Wannan kaɗai ya sa na ci gaba da ɗauka ina kaiwa.

Yana da taubashi, tsoho ne shi ma, kullum da la'asar sai ya zo da sandarsa. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba.

In ya shigo sai ya ce, “Ina bawana? Har yanzu bai tashi ya yi mini noma ba?”

“Ka ga ubangijin da ke yawo da wando guda.”

Taubashin ya leƙa wayar, ya ji shaaa, ya ga ƙura ta rufe gilashi. Aka gaya masa ko mene ne. Ya riƙe baki.

“La ilaha! Azne ya koma gidan jiya. Ashe burgamen da anka binne ta tsiro? Bari in kira liman.”

“Kira shi. Ba laya, ba ƙaho, ba zakara. Ƙasa ce tsurarta, da ita muke taimama.”

“To buge shi mana! Ka watsa, ka watsa, ka watsa, mi kake jira? Ko kokowa in ka cika wa mutum ido sai ka kama ƙafa.”

“Kai dai ba ka san komi ba sai cin tuwon gidan mutane. Dubi. Dubi yadda shike dukan iska.”

Haka yake wasansa. Da an fara faɗa sai ƙasa. Abokin faɗa ya buge shi, ya sake ƙasa. Yana yi har sai wayar ta nuna idon wancan ba ya ƙara cika. Daga nan ya jingina kai yana kallo, wancan yana kai bugu yana kuskurewa, shi kuma yana ɗan yaƙushinsa kaɗan kaɗan. Faɗan da auta ke gamawa kafin a sauke tukunya, shi sai ya kai shi har inuwa ta juya. Wani lokaci duk da ƙasar bugu ya same shi, kuregen ta faɗi. Ba ya jin haushi. Ya ce ai ba a ce ba za a same ka ba.

Wata rana na gaji na ce masa, “Ni ban ga amfanin abin nan ba. Ba ya kashewa, ba ya warkarwa.”

Ya ce, “Ke da kinka ɗauki dutsi a ka?”

Yana nufin shekarun da aka tara mu mata a kan fako, daga nan har wajen Keita, muna ɗaukar duwatsu muna jerawa layi layi a kan gangare. Wuyana har yau yana tuna mini.

“Dutsin da kunka jera ya hana ruwa wucewa?”

Na ce bai hana ba.

“To mi ya yi?”

Na ce ya rage masa gudu, ƙasa ta samu ta sha.

Ya koma kan wayarsa. Ni ma na ci gaba da tsinar zogale. Amma da na ɗauko masa ƙwayoyin likita bayan la'asar, waɗanda aka ce ba za su tada shi ba sai dai su hana abin ya sake bugunsa da wuri, ya karɓa ya haɗiye ba gardama, abin da bai saba ba.

Cikin bazara ya kai wata ƙofa a wasan. Akwai mai tsaronta, ba a wucewa sai an ka da dabbobinsa. Babbar cikinsu tana da wani bugu da ba ya kuskure. Ko an cika mata ido da ƙasa har iyaka, in ta kawo wannan bugun sai ya sauka. Ba kullum take kawo shi ba. Sai ta yi ta kai waɗansu suna bin iska, tsoho yana murmushi, can sai ta tuna da shi. Kuregen ta faɗi, a mayar da su baya, ya sake tahowa. A nan ya tsaya. Zafi ya yi zafi, rumfa ba ta tare komai, ina jiƙa zane ina shimfiɗa masa a ƙirji, shi kuwa yana bakin ƙofar nan kullum.

Taubashin ya ce, “Wanga ƙofa ta fi ƙarfin bawa. Ka jira mai waya ya dawo.”

“Wa ya ce maka sauri nike?”

Daga baya hannun mai ran ma ya fara rawa. Yatsa ya nufi gurbi ya sauka a wani. Sai ya ce in zo in zauna. Ya ce, “Na ƙasa, hannun hagu. Taɓa.” Na taɓa. Shaaa. “Ƙara.” Na ƙara. Ni da ban taɓa riƙe waya ba sai don in kai ta sarji, na zama yatsansa. Ina zaune hannuna yana warin albasa, kansa yana jingine a kafaɗata, muna cika wa wata dabbar ƙarya ido. Tun muna da ƙuruciya ba mu zauna kusa haka da rana ba.

Ya rasu da hantsi, kafin ruwan farko. Na je ɗauko masa kunu na dawo. Ba zan iya faɗin sauran ba. Ki bar wurin haka.

Auta ya zo gaisuwa ya tsaya noma. Tasa wayar ta lalace a hanya, sai ya ɗauki ta uban. Ni ina takaba, ba na fita. Kayan tsoho suka bi hannun mutane kamar yadda aka saba: riguna, hula, hauya, buta, har tabarmar. Ban hana ba. Ina ɗaki, in rana ta yi sanyi auta ya dawo daga gona, sai in ji kukan ƴan tsakin nan daga ƙarƙashin rumfa. Ranar farko na miƙe zan kai wa tsoho fura. Na zauna na yi kuka har na gode Allah.

Da kuregen uban yake wasa. Shi mai karatu ne, ya san abin da kowane gurbi yake cewa. Cikin damina ya canza mata yaƙushi da wata dabara, ya canza cizo, ya canza kukan. Bai tambaye ni ba, ni ma ban damu da su ba. Ƙasar ce bai taɓa ba. Amma ba ya amfani da ita. Sai in kasa kunne in ji bugu, bugu, bugu. In na kasa haƙuri in ɗaga murya daga ɗaki in ce, “Watsa mishi ƙasa mana.” Ya ce, “To, Inna.” In ji shaaa. Wannan ƙarar kaɗai ta rage a gidan da take tasa. Muryarsa ba mu da ita a waya, hotonsa guda ne na katin ɗan ƙasa, bai ma yi kama da shi ba.

Auta ma ƙofar nan ta tsayar da shi. Yakan kusa, sai bugun nan ya sauka.

Bayan na fita takaba, an fara yankan hatsi, wata la'asar ya zo ya tsuguna a gabana da wayar a hannu. Taubashin tsoho yana nan, don bai daina zuwa ba. Yakan zauna inda ya saba, ya rasa wanda zai zaga.

“Inna, tambayar nan ta zo.”

Na gane. Na ce, “Ka ce a'a.”

“Wagga dabara da ita za a buɗe ƙofar. Na tabbata. In na ce a'a ta wuce.”

“To ka ɗauke guda cikin naka ukun.”

“Kowace da aikinta wurin mai ƙofa. Ƙasar ce ba ta da aiki. Bugun nan ba ya kallon ƙasa, ke ma kin gani.”

“Ubanka bai ce ba ta da aiki ba.”

“Baba karatu ya rasa, Inna. Da ya san abin da anka rubuta da tuni ya wuce.”

Na ce, “Ya san abin da shike yi. Ba wucewa shike nema ba. So shike faɗan ya daɗe.”

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, “To ya daɗe? Ya watsa, ya watsa. Mi ta hana?”

Taubashin ya buga sanda a ƙasa. “Kai, yaro, riƙe bakinka.” Sai kuma ya juyo gare ni, muryarsa ta sauka. “Matarmu, bawana ya tahi da bashin noman da bai yi mini ba, ban bi shi ba. Ke ma sake shi. Yaro gaba shika so. Mu ne masu zama bakin ƙofa.”

Na tashi na shiga ɗaki, na fito, na kori akuya daga bakin turmi, na ɗauki tsintsiya na ajiye. Auta yana tsugune bai motsa ba. Ya zo ya tambaye ni ne don ya san abin da ƙasar take a wurina, da ya so da ya danna can a gona ban sani ba. Na dube shi. Ya rame a daminar nan. Shi kaɗai ya nome gonar uban da tasa, ga tafiya tana jiransa bayan kaka. Tun da aka yi rasuwar ban ga ya yi kuka ba, sai dai ya zauna inda uban yake kwanciya ya yi ta dukan ƙofar da ta tsayar da uban. Na ga shi ma nasa makokin ke nan. Ni ina so a tsaya inda tsoho ya tsaya, shi yana so ya kai masa kuregen gaba. Wasan zai iya jiranmu har gobe, amma batir ya yi ja, mai sarji kuma ya tafi kasuwar Buza.

Na ce, “Ba ni in watsa sau guda tukuna.”

Ya ce, “Ba a iyawa, Inna. Ba cikin faɗa muke ba. Tambayar ta riga ta tsaya, sai an amsa.”

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ashe watsin ƙasa na ƙarshe ya riga ya wuce, wata la'asar da ban ma riƙe ba, ina ɗaki ina tsefe kai ko ina gyangyaɗi.

Gajiya ta sauko mini, irin wadda nake ji in na sauke tulu. Na ce, “Danna.”

“Inna…”

“Danna, na ce. Kada ka sa in sake faɗi.”

Ya danna. Wata ƴar ƙara ce kawai, kamar ɗigon ruwa a kwano. Na leƙa. Gurbin yana nan, na ƙasa ta hannun hagu, da wani rubutu a ciki. A idona duk rubutu ɗaya ne, ban ga abin da ya canza ba.

Ya shiga wurin mai ƙofa. Bai daɗe ba. Dabbar nan da ta cinye wa tsoho bazara guda ta faɗi tun kafin taubashin ya gama gyara zama. Wayar ta yi kiɗa, ƙofa ta buɗe. Bayanta hanya ce da ciyawa shar, da ruwa kwance, da gada. Muka yi ta kallo mu uku.

Taubashin ya ce, “Ashe fadama ce a baya. Bawan banza, da ka sani.” Ya goge ido da bakin rawani ya ce hayaƙin murhuna ne, alhali ban hura wuta ba.

Auta bai taka gadar ba. Ya kife wayar a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Na bar shi. Na je na hura wutar.

Bayan kwana biyu na tambaye shi ko ana iya dawo da ita. Ya ce ya ji an ce can gaba akwai wani a cikin wasan mai tuna wa dabba abin da ta mance, amma bai san inda yake ba, bai kuma san ko zai kai ba. Ya ce in ya kai zai mayar. Na ce kada ya wahalar da kansa. Ban sani ba ko da gaske nake.

Da aka gama ɗaure hatsi ya shirya komawa. Da safe ne, motar tana jira a bakin hanya, an ɗora buhuna, samarin gari suna hawa. Ya durƙusa na yi masa addu'a, duk wadda na sani. Ya sa wayar a aljihun gaba, ya ɗauki jaka ya fita. Na bi shi har bakin ƙofa. Hanyar da zai bi na san labarinta: hamada, da masu tare mota, da waɗanda ake nema ba a gani.

Na tsaya ina kallon bayansa. Sai na ji ina duƙawa. Gwiwoyina suka yi ƙara, na dafa bango. Na tsinci ƙasa da yatsu uku. Rabona da haka tun kafin a haife shi. Na ce Allah ka gafarta mini, kai ne mai tsarewa, wannan ƙasarka ce. Na watsa.

Iskar safiya tana busowa daga gabas, ta maido mini rabinta a fuska. Auta ya waiwayo ya gan ni ina murza ido. Ya dubi hannuna, ya dubi ƙasa. Ya gyara jakarsa ya ci gaba da tafiya, a hankali, har ya kai mota.

Maƙwabciyata ta fito da tulu ta ce, “Haba, ke da kinka saba sallamar matafiya, yau kuma kuka?”

Na ce mata ƙasa ce ta shiga mini ido, kuma kukan ma ina yi. Na koma ciki na zauna ƙarƙashin rumfa. Kaji suna tono a inda tabarmar take dā. Ban kore su ba.